Kwarin da Na Tura Hamma

A shekarar da abin ya faru ina aikin malamin gona a Karaye. Kullum ina kan babur, yau Kurugu gobe Yammedi, ina koya wa mutanen da suka girme ni a noma yadda ake noma, su kuwa suna saurarena don kara. Gidanmu yana wajen Kafin Dafga. Fulani ne mu da muka daɗe da zama wuri ɗaya. Muna noma dawa da gyaɗa kamar kowa, amma shanu su ne ƙashin bayan gidan. A tsakar gida Fulatanci muke yi, in mun fita waje Hausa. Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, wanda muke kira Baffa: yayana, da nake ce wa Hamma, sai ni. Shi ya tashi a bayan shanu, ni aka kai makaranta. Ba a tambaye mu ba, kuma ba wanda ya taɓa ƙorafi a cikinmu.

Wata kaka aka tura ni bita Kano, kwana uku. Yawancin abin da aka faɗa na manta. Abu ɗaya ne ya biyo ni gida. Wata mata mai farin gilashi ta nuna mana yadda mutum zai buɗe hotunan tauraron ɗan'adam a wayarsa, ya ga ƙasar nan daga sama. Ta ce tauraron yana wucewa ta kanmu da hantsi, wani kuma bayan azahar, amma hoton ba ya isowa sai bayan wasu awowi. Duk inda aka ga jan ɗigo, wuta ce ke ci a wurin lokacin da tauraron ya wuce. Inda ta riga ta cinye kuwa baƙi ne, kamar an goga gawayi. Hayaƙi shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina. Yakan fito daga ɗigon siriri kamar zare, ya yi ta faɗi yana tafiya, har ya zama wani mayafi mai ruwan toka da ya rufe garuruwa. In ka bi shi da ido, ka san inda iska ta dosa. In ka san inda iska ta dosa, ka san inda wutar za ta bi.

An koya mana ne don mu riƙa ba da rahoton ƙunar daji a ƙananan hukumominmu. Ni kuwa abin ya zame mini jaraba. Da na idar da la'asar sai in zauna a bencin bakin ofis, inda sabis ya fi ƙarfi, in buɗe. A Karaye da Rogo ɗigon bai taka kara ya karya ba, gonaki sun cinye dajin tuntuni. Amma in na ja hoton zuwa kudu, sai in ga ƙasa ta yi ja kamar an watsa barkono a tabarma. Nakan ɗauki hayaƙi ɗaya in bi shi kwana biyu, kwana uku, daga inda ya tashi har ya tsallake jihohi ya ɓace a kan teku. Akwai wanda ke shigowa daga ƙasashen gabas da mu, bai san iyaka ba. Ina jin daɗin wannan kallo ƙwarai. Ba zan ɓoye ba, har wani girman kai na ji yana shiga na, wai ni ina zaune a benci a Karaye ina ganin abin da gwamna bai gani ba.

Kowace shekara, in shanu sun gama cin karan gonakinmu da na maƙwabta, Hamma yakan kora su kudu sai damina ta faɗi. Dā yamma yake bi, amma dazuzzukan can sun zama abin da suka zama, don haka ya koma bin wata hanya da bai saba da ita sosai ba. A shekarar nan ya tafi tare da ɗan kawunmu, magidanci ne shi ma, sa'ansa. Matar Hamma, da nake kira Adda, ta zauna a gida da yara da Baffa.

Bayan sun yi kusan wata guda da tafiya, wata rana da hantsi wayata ta yi ƙara ina cikin gonar albasar wani mutum a fadama. Hamma ne. Ya hau wani dutse ya samu sabis. Muka gaisa, ya tambayi Baffa da ciwon ƙafarsa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. 

"Malam," ya ce. Haka yake kirana, rabi girmamawa rabi tsokana. "Wannan abin naka da kake kallon duniya da shi, yana nuna ciyawa?"

Na ce, "Ba ya nuna ciyawa sosai, Hamma. Amma yana nuna inda aka ƙone da inda ba a ƙone ba."

"To duba mini. Nan duk an babbake, toka kawai shanu ke shaƙa. Sun fara ramewa."

A iya sanina wannan ne karo na farko da Hamma ya nemi shawarata a kan shanu. Na bar mai albasa a tsaye, na koma gindin mangwaro. Na sa ya kwatanta mini inda yake: garin da suka ci kasuwa na ƙarshe, dogon dutsen da yake kai, rafuka biyu da suka haɗu a ƙasansa. Na lalubo wurin a taswira. Gaskiyarsa, ko'ina baƙi ne. Amma kudu maso yamma da shi, tafiyar yini ɗaya da rabi ga shanu, akwai wani kwari dogo a tsakanin tsaunuka biyu, rafi ya ratsa tsakiyarsa. Ko tabo ɗaya na wuta babu a cikinsa. Na koma baya a hotunan har sati uku, ban ga jan ɗigo ko ɗaya ba.

Na gaya masa. Na kwatanta masa hanya dalla-dalla, ina ji kamar ni na halicci kwarin.

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Ga shi ina gani da idona."

"To madalla. Boko ya yi rana," in ji shi, ya yi dariya. Ya ce in gaida Baffa, in ce wa Adda takalmin da ta saya masa ya yi. Ya ce a can ƙasan ba lallai a samu sabis ba, kada mu damu in mun ji shiru.

Ranar da na je gida na ba Baffa labari, ya gyaɗa kai kawai. Amma na ji shi daga baya yana gaya wa wani maƙwabcinmu a bakin masallaci cewa autansa ne ya nemo wa shanu makiyaya daga sama.

Kwana tara ina duba kwarin kullum, lafiya lau. Rana ta goma, bayan la'asar, na buɗe hoton na ga ɗigo uku ja a arewa maso gabas da shi, bayan tsaunin. Ba su da yawa. Da a wani wuri ne da ko kallo na biyu ba zan yi musu ba. Amma hayaƙinsu ya miƙe sambal, ya haura tsaunin, ya kwanta a kan bakin kwarin. Iska daga can take busowa. A nan ne, ina zaune a bencin nan, abin da ya kamata in gane tun farko ya faɗo mini. Wurin da wuta ba ta ci ba a tsakiyar rani, wurin da ya rage mata ta ci ne. Gamba da ƙyara sun fi mutum tsawo, sun bushe ƙayau, suna jira. Ko yaron da ke kiwon awaki ya san wannan. Ni na ga wuri fari a cikin baƙi na ce alheri ne.

Na kira lambar Hamma. A kashe, ko ba sabis. Na kira ta ɗan kawu, haka. Na tura saƙo, duk da na san Hamma ba ya karanta boko, na sake naɗar murya na tura. Saƙon ya tsaya da alama ɗaya, bai shiga ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hoton da nake kallo na azahar ne. Awa uku sun wuce. Duk abin da wutar ta yi a cikin awa ukun nan, sai gobe zan sani.

Na hau babur na tafi gida kafin magariba. Na tarar da Baffa a ƙofar gida kan buzunsa yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa fara maganar. Shi ya dube ni ya ce, "Faɗi." Da Fulatanci ya faɗa, kuma Baffa ba ya yi mini Fulatanci a waje sai in abu ya kai abu.

Na nuna masa wayar. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa yana ƙanƙance ido.

"Wannan jan fa?"

"Wuta ce, Baffa."

"Wannan kuma?"

"Hayaƙinta. Nan ne kwarin da su Hamma suke."

Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsansa a kan kwarin, hoton ya motsa, ya janye hannun da sauri kamar ya taɓa garwashi.

"Matso da shi in ga shanun."

"Ba a ganin shanu, Baffa. Sun yi ƙanƙanta."

"Yayanka fa?"

"Shi ma ba a ganinsa."

"Amma ana ganin wutar."

Na ce e. Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki igiyarsa. Ya ci gaba da gyaranta har aka kira salla. Da zai tashi ya ce kada in gaya wa Adda tukuna. Amma Adda tana bayan zana tana tankaɗe, ta ji komai. Da na shiga cikin gida ba ta tambaye ni ba. Ta ajiye mini ƙwaryar fura ta koma gefe, ta zuba wa aljihun rigata ido, inda wayar take.

Washegari ranar kasuwar Rogo ce. Na yi sammako da niyyar in samu mota in tafi da kaina. Baffa ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ce ɗa ɗaya a cikin dajin ya ishe shi, kuma ni ko hanyar ban sani ba sai a waya. Ya ce in je kara, wato kasuwar shanu, in nemi wani dattijon dillali da suka yi shekaru suna hulɗa, shi ya san mutane a duk kasuwannin kudu.

Na same shi a ƙarƙashin rumfa, ana ta cinikin wani bijimi. Ya bar ni na jira har aka sallama, sannan muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Baffa da gida da aiki da gajiya. Da na gama bayani na nuna masa hoton. Ya san garin da su Hamma suka ci kasuwa. Ya san ma kwarin, da wani suna da mutanen wurin ke kiransa.

"Ko ka tafi yau, ɗana, ba ka isa ba," ya ce. "Mota ba ta shiga garin nan sai ranar kasuwarsu. Daga can kuma sai babur, rabin yini, kuma 'yan acaɓan wurin ba sa ɗaukar baƙon da ba su sani ba zuwa cikin daji. Ka san zamanin."

Ya ciro wata 'yar ƙaramar waya da aka ɗaure da roba, ya kira wani mahauci a garin. Sai a kira na huɗu aka ɗauka. Ya yi masa bayani da ƙarfi, yana toshe ɗaya kunnen saboda kukan shanu. Mahaucin ya ce hayaƙi ya rufe su su ma tun jiya, rana kamar farin wata. Ya ce mafarauta ne suka sa wutar don gafiya, wani kuma ya ce masu gawayi ne, ba wanda ya sani. Ya yi alkawari zai nemi mai babur ya tura, in Allah ya yarda, in an samu wanda zai yarda ya je.

Dillalin ya mayar da wayar aljihu, ya dafa kafaɗata. Ya ce yayana ba yaro ba ne, a daji ya girma, hancinsa ya fi wannan na'urar tawa sauri. Na san gaskiya ya faɗa. Amma ni na san abin da shi bai sani ba: kwarin yana da baki ɗaya ne mai faɗi, kuma ta nan wutar za ta shigo.

Ban iya komawa Karaye ba. Na zauna a Rogo, a gaban shagon wani mai cajin waya, ina sabunta shafin kamar mai jan carbi. Hoton hantsi ya fito wajen azahar. Ɗigo uku sun zama layi, layin ya hau kan tsaunin. Na yi salla, ban san abin da na karanta ba. Hoton azahar ya fito bayan la'asar. Jan ya gangaro ya shiga bakin kwarin, hayaƙi ya rufe sauran gaba ɗaya, ko rafin ba a gani. Hayaƙin ya yi kauri ya yi tsawo, ya wuce garuruwan da na san sunansu a taswira kawai. Na bi shi da yatsa har ƙarshensa, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. A gefena mutane suna cinikin rake da mazarƙwaila, wani yana rantsuwa a kan farashin buhun masara. Sama a Rogo garau take, shuɗiya, ko ƙanshin ƙauri babu.

Na kira wani abokin karatuna da ke aiki a birni, a wani ofis da nake zaton yana da ruwa da tsaki a irin wannan. Ya saurare ni da kyau. Ya ce ba jiharmu ba ce, kuma ko a jiharmu ce, motar kashe gobara ba ta shiga daji, in ma ta shiga ruwan tanki ɗaya me zai yi. Ya ce zai sa mu a addu'a. Ban ji haushinsa ba. Ni ma da wani ya kira ni abin da zan ce ke nan.

Rana ta uku da ganin wutar hayaƙin ya yi sauƙi, hoton ya buɗe. Kwarin baƙi ƙirin daga baki har ƙarshe. Rafin kawai ya rage, farin zare a tsakiya. Wutar ta wuce gaba abinta, tana cin wani wuri. A ranar ne kuma ya kamata in miƙa rahoton mako a ofis. Takardar tana tambayar ƙunar daji a ƙaramar hukumar Karaye. Na rubuta babu, domin babu ɗin, na sa hannu.

Kwana biyu suka biyo baya da ba na son tunawa. Na koma kwana a gida. Baffa ya daina zama a ƙofar gida, don kada masu wucewa su tambaye shi. Adda ta ci gaba da aikinta, daka da shara da wankan yara, amma duk sanda na shigo sai ta ɗago. Sau ɗaya ta yi mini magana a kai. Ta ce, "Ƙanena, a sake dubawa mana, ko wani abu ya canza." Na buɗe na nuna mata baƙin nan. Ta ce, "Wannan farin fa?" Na ce rafi ne, akwai yashi mai faɗi a gefensa, wuta ba ta cin yashi. Ta ce, "To suna nan." Ta faɗa kamar ta gan su. 

A rana ta biyar da hantsi wata baƙuwar lamba ta kira ni. Ɗan kawu ne, da wayar mahaucin nan. Muryarsa ta dushe har ban gane shi ba da farko. Abin da ya fara cewa shi ne, "Muna raye." Na zauna a ƙasa a inda nake tsaye, a tsakiyar hanya.

Ga yadda abin ya kasance, kamar yadda ya gaya mini a ranar, da yadda Hamma ya ƙara mini daga baya. Sun ga hayaƙin tun ranar da na gan shi, har ma sun riga ni, domin su tun da safe suka ji ƙaurinsa. Sun san wuta na tafe. Amma wata saniya ta haihu a ranar, biyu kuma suna ɗingishi, sai Hamma ya ce su ƙara kwana ɗaya, tsaunin zai riƙe ta. Washegari da hantsi suka kora manyan shanu rafi shan ruwa, suka bar maruƙa ɗaure a dangwali, doguwar igiyar da ake jera su a kai, a inda suka yi zango. Wajen azahar iska ta tashi. Ɗan kawu ya ce bai taɓa jin ƙarar wuta irin wannan ba, kamar manyan motoci a jere. Shi ya tsaya ya tare garken a kan yashi, yana dukansu da sanda don iyayen suna neman komawa wurin 'ya'yansu. Hamma ya ruga zango. Ya tarar wuta ta kama ciyawar gefe. Ya fara kwance maruƙan, ƙullin ya ƙi, ya ciro wuƙa yana yanka. Waɗansu ya kora suka bi hanyar rafi. Waɗansu da aka sake su suka firgita suka faɗa cikin gamba. Na ƙarshen igiyar bai kai gare su ba. Ya fito da jaririn maraƙin nan na kwana ɗaya a kafaɗa, rigarsa tana ci, hannuwansa biyu sun ƙone.

Mai babur ɗin da mahauci ya tura ya iso su washegari, da saƙona a bakinsa: wai ƙaninku ya ce ku tashi, wuta na zuwa. Ɗan kawu ya ce Hamma yana kwance a kan yashi ya ji saƙon, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mai babur ɗin ne ya ɗauko shi zuwa garin, aka wanke ƙunar aka naɗe.

A gidanmu ba a ƙirga shanu da baki, don haka ba zan faɗi adadi ba. Maruƙan shekarar fiye da rabi sun tafi. Manya biyu ma da suka ƙwace daga hannun ɗan kawu suka koma, ɗaya ba ta dawo ba, ɗaya ta dawo hantsarta a ƙone.

Babu sauran abin ci a can, kuma Hamma ba ya iya riƙe sanda. Baffa ya ce su juyo gida, ko dusa da harawa ne a saya a ba su har damina. Hamma ya ƙi hawa mota ya bar garken. Suka taho a ƙasa, a hankali, wani makiyayi da suka haɗu da shi yana taimaka musu, kusan sati uku.

Na tare su a bayan Rogo, a kan burtali. Daga nesa na hango ƙurarsu, sannan na gane tafiyar Hamma. Ya rame, gemunsa ya babbake gefe ɗaya, hannuwansa a naɗe da farin ƙyalle da ya koma ja saboda ƙasa, ya riƙe su a gaban ƙirji. Na sauka daga babur na durƙusa. Na shirya magana tun daga Karaye, amma da na buɗe baki abin da ya fito kawai shi ne, "Hamma, ni na tura ka."

Ya ce in tashi. Ya yi tari, ya tofar.

"Ka ce akwai ciyawa," ya ce. "Akwai kuwa. Kwana goma suka ci suka ƙoshi, ban ga sun ƙoshi haka ba tun kaka."

"Ya kamata in san za ta ƙone."

"Ni ban sani ba? Tun da na shiga na ga tsawon gambar na san abincin wuta ce. Na ce in ci rabona kafin ta zo. Ni na ƙara kwana, ba kai ba." Ya dubi shanun da ke wucewa ta gefenmu. "Bar wannan. Ka zo da ruwa?"

Na kawo. Ni na riƙe masa gorar a baki, don ba ya iya kamawa. Ban sani ba ko ya faɗi haka ne don ya sauke mini nauyi, ko kuwa haka yake a ransa. Har yau ban sani ba, kuma bai sake tayar da maganar ba.

Na bar babur a gidan wani abokin aikina a Rogo, na bi su a ƙasa. Yini guda muka yi. Iyayen da suka rasa 'ya'ya suna tafe suna waiwaye, suna wani kuka mai kauri, su yi shiru, su sake. Ɗan kawu ya ce haka suke yi tun daga kwarin. Ba mu yi hira ba sosai. Mun iso gida rana ta yi sanyi.

Baffa yana tsaye a bakin garke da sandarsa. Ya dubi hannuwan Hamma, ya ce sannu, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, sannan ya shiga cikin shanun. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa bayansu, yana kiran kowace da sunan da ya sa mata. Bai tambayi ko ɗaya daga cikin waɗanda babu ba. Adda ta kawo ruwan ɗumi da gishiri, ta zaunar da mijinta a kan turmi a tsakar gida, ta fara warware ƙyallen a hankali. Inda ya manne da fata sai ta jiƙa ta jira. Yaran suka tsaya daga nesa suna kallo, ba wanda ya kore su.

Hannun ya warke, sai dai yatsu biyu na dama sun ƙage, ba sa lanƙwasuwa. Tarin ya kai shi har damina. Jaririn da ya ɗauko a kafaɗa ya rayu.

Saniyar da hantsarta ta ƙone ce ba ta warke ba. Mun yi mata magani na gida, na kawo malamin dabbobi ya yi mata allura, ciwon ya ƙi rufewa, ƙuda suka dame ta. Baffa ya yi sati biyu yana cewa a ƙara mata kwana. Daga ƙarshe ya aika aka kira mahauta daga Karaye. Da suka zo da motarsu suka tsaya a bakin titi, don hanyar gidanmu ba ta shiguwa, ɗan kawu ya ɗauki igiya zai ja ta. Baffa ya karɓe. Duk da ciwon ƙafarsa shi ya ja ta da kansa, yana tafe yana tsayawa, ita ma tana tsayawa, har bakin titin. Ya jira aka ɗora ta, motar ta tashi. Sannan ya naɗe igiyar a hannu ya juyo gida, muka biyo shi a baya.